Tarbon 335i ɗina sun gaji: in mayar da na kamfani ko in ɗauko manya na waje?

Mai Baƙar 335: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana a kawo min agaji. Motata BMW 335i ce ƙirar 2008 mai ƙofa biyu, injin N54 mai tarbo biyu, shekara uku kenan tana hannuna tun da na ɗauko ta daga Kwatano, mita ta haura kilomita dubu 190. Tun kafin azumi ta fara wani kuka in na tayar da ita da safe, karkar karkar kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa, ya fi fitowa in na ɗaga ƙafa daga totur. Na share na ce ai tana tafiya. To jiya da la'asar na taso daga Kumo zan shigo Gombe, na zo wuce wata tirela na taka ta sosai, kawai sai fitilar nan mai hoton rabin injin ta kama, ƙarfi ya ɗauke gaba ɗaya, da ƙyar na koma hannuna. Mun sa kwamfuta ta kawo lambar matsala 30FF, yaron da ya duba ya ce tarbo ne sun gama aiki.

Abin da nake so ku ba ni shawara a kai shi ne tunda dai za a sauke su, in sayi sababbi irin na kamfani in mayar, ko in yi amfani da damar in sa manya na waje waɗanda ake cewa suna kai mota doki 500 da wani abu? Wallahi ina son motar nan, ba na son in yi abin da zan zo ina cizon yatsa.

Ɗan Wunti: Wa alaikumus salam. Abokina wannan ai ba abin tambaya ba ne, sa manya kawai. Kuɗin aikin saukewa ɗaya ne ko ƙanana ka sa ko manya, to me zai sa ka biya wannan wahalan ka dawo inda kake? N54 kiranshaf ɗinsa da kwanrod duk ƙirarru ne masu ƙarfi, injin ne da yake ɗaukan duka, turawa suna kai shi 600 ba su buɗe cikinsa ba. Motan nan an yi ta ne don gudu.

Oga Gareji Bypass: Ƙanina dakata tukuna, kar ka fitar da ko sisi. Wa ya ce maka 30FF na nufin tarbo ya mutu? Abin da lambar take cewa kawai shi ne iskar da biren bos, wato kwamfutar motar, ya nema ba ta kai ba. Dalilin rashin kaiwar kuma yana da yawa. A injin nan iskar zuƙa ce take rufe ƙofar westiget, wato ƙofar da in ta buɗe hayaƙi yake kauce wa tarbo, ta cikin wasu siraran tiyo na roba da suke bi ta gefen injin inda zafi ya fi yawa, in sun shekara sai ka taɓa su su farfashe a hannunka kamar busasshiyar taliya. Akwai solonoyid guda biyu da suke sarrafa su, su ma suna gajiya. Akwai bututun iska na roba mai shiga totur, yana tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Na sha ganin wanda aka sa shi ya sayi tarbo alhali tiyon da bai kai kuɗin cin abincin rana ba ne ya huje. Kawo ta gobe da safe kafin rana ta yi, mu hura mata hayaƙi a bututu mu ga ko tana yoyo.

Mai Baƙar 335: To Oga, Allah ya saka da alheri. Ƙarfe takwas ina wajenka in sha Allah.

Baban Khalifa: Kafin ka je bari in ba ka labarina ko zai yi maka amfani, don ni na riga ka shiga wannan ramin. Tawa 2009 ce mai ƙofa huɗu. Bara waccan nawa suka fara irin wannan kukan, sai na ga wasu a intanet an rubuta manya ne, masu fuka-fukai na musamman, kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin uku na orijina ba, hoto kuwa sai ƙyalli. Na tura kuɗi suka iso cikin kwali babu ko takarda ɗaya a ciki, babu lamba a jiki, babu shaidar an gwada daidaiton juyawarsu. Aka ɗaura. Sati na farko kam mota ta zama wata aba, in na taka sai ta manna ni da kujera. Wata na uku muna hanyar Bauchi da iyali za mu ɗaurin aure, mun wuce Alkaleri kaɗan na duba madubi na ga hayaƙi shuɗi ya rufe titi har ba na hango motar da ke bayana. Na faka a gefen hanya, rana tsaka, yara suna kuka, uwargida ta yi shiru ba ta ce komai ba, sai da muka yi awa uku kafin janwe ya zo. Da aka buɗe, na baya shaf ɗinsa ya karye, baƙin mai ya cika intakula, wato abin da yake sanyaya iskar tarbo, har sai da aka tsiyaye shi a roba, Allah ne ya tsare gutsuren ƙarfe bai shiga silinda ba. Na kira wanda ya sayar min ya daina ɗaga waya. Na biya aiki sau biyu, na sayi tarbo sau biyu, mota ta yi wata biyu a gareji ƙura tana hawa kanta. Har yau in na tuna tsayuwar nan a bakin titi da yarana raina ɓaci yake.

Ɗan Wunti: Allah ya kiyaye gaba Baban Khalifa, amma gsky abin da ka saya ba shi nake nufi ba. Wannan jabu ne, ba na waje ba. Mutane suna haɗa komai a kwando ɗaya. Akwai kamfanoni masu suna a Amurka irin su Pure da suke gyara gidan tarbon su sa fuka-fukai manya su gwada shi a injin gwaji su ba ka garanti, akwai masu cire biyun gaba ɗaya su sa ƙato guda ɗaya na Garrett ko BorgWarner. Waɗannan ba wasa ba ne, kuma wasunsu sun fi orijina tsada ma. Kar a ce don wani ya sayi gwanjon da ba suna shikenan duk na waje ba su da kyau.

Baban Khalifa: Na yarda da kai akwai masu kyau. Amma garantin da yake Amurka me zai yi min ina Jekadafari? In ya lalace in sauke, in tura, in jira, in biya kwastan ya dawo? Kafin nan an yi sallah biyu.

Injiniya: Salam. Ku bar ni in shigo da abin da har yanzu ba wanda ya taɓo, kuma a ganina shi ne uwar maganar: fetur. Tarbo ba ya ƙirƙirar ƙarfi da kansa, iska yake cusa wa injin, in iska ta ƙaru sai a ƙara mai, matsi da zafi a cikin silinda su hau. In man ba mai jure matsi ba ne sai ya kama da kansa kafin lokacinsa, shi ne nokin, shi ne yake fasa fistin. Man da muke sha a nan ma'aunin okten ɗinsa, wato yadda yake jure matsi, RON 91 ne, kuma kowa ya san ba kowane gidan mai ne za ka rantse a kan abin da ke tankinsa ba. Doki 500 da 600 da Ɗan Wunti yake gani a bidiyo, je ka karanta ƙasan bidiyon, yawanci da E85 ne ko an gauraya shi, wato man da akasarinsa itanol ne, ko kuma fetur mai 93 na Amurka. Wane gidan mai ne tsakanin Tumfure da Tashar Dukku yake sayar da E85?

Sannan ga wani tarko da yake cin mutanenmu da yawa. In ka buɗe manhajar MHD, wadda ake canza saitin biren bos da ita, za ka ga taswira, wato saitin injin, an rubuta 91, sai mutum ya ce yawwa ai namu ma 91 ne ya loda. Ba ɗaya ba ne wallahi. Amurka da wani ma'auni suke ƙirgawa, 91 ɗinsu ya yi daidai da RON 95, 93 ɗinsu kuma wajen RON 98. Namu 91 ɗin in ka juya shi zuwa lissafinsu kusan 87 ne, wato mafi ƙanƙantar man da yawancin gidajen mansu suke sayarwa. To ka ga wanda ya loda wannan taswirar ya riga ya yi wa injinsa alƙawarin man da ba zai taɓa ba shi ba.

Mai Baƙar 335: Innalillahi. Injiniya ni fa ita ce a kan motar yanzu haka, wani abokina ya loda min bara ya ce ita ce daidai da manmu.

Injiniya: To ka gani. Abin da ya cece ka shi ne biren bos ɗin motar yana da kunne, akwai na'urorin da suke jin nokin a jikin injin, da sun ji sai ya jinkirta wutar fulogi ya rage ƙarfi don ya kare kansa. Shi ya sa za ka ji mota da asuba tana tashi kamar doki, da azahar a watan Afrilu zafi ya kai 40 sai ta yi nauyi. Ka ɗauki bayanan tafiya a giya ta uku ka turo min in duba maka nawa yake janyewa a kowace silinda. Amma kafin nan ka mayar da ita taswirar kamfani.

Ɗan Wunti: Injiniya ai akwai maganin ƙara okten na gwangwani, akwai kuma masu fesa ruwa da metanol. Ba a rasa hanya.

Injiniya: Akwai. Amma yawancin na gwangwanin nan da ake sayarwa a bakin titi abin da suke ƙarawa kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya mayar da 91 ya zama 98 ba. Metanol kuma yana aiki da gaske, sai dai ranar da famfonsa ya tsaya ko tankin ya ƙare kana tsakiyar taka mota ba ka sani ba, ranar injin zai tafi. Motar da za ka je Kaltungo da ita ka dawo, ka kai yara makaranta, ba na son rayuwarta ta rataya a kan wani ɗan famfo a but.

Mai Golf Ja: Ni dai a ɓangarenmu na Golf wannan muhawarar ta fi sauƙi, don kamfani da kansa ya ajiye mana babban tarbo. GTI Mk5 yana zuwa da K03 doki 200, sai ka ɗauko K04 na Audi S3 mai doki 265 ka ɗaura, zama yake daram kamar don shi aka yi, sai dai ka haɗa da nozul ɗin S3 da famfon mai da intakula. Mk7 ma haka, ka cire IS20 ka sa IS38 na Golf R mai doki 300. Ka ƙara ƙarfi kuma kayan kamfani ne da lambarsu. Ba a yin irin haka a BMW ɗin ne? Babu wani babban yayanta da za a ciro nasa?

Injiniya: Tambaya mai kyau. Masu Porsche 996 Turbo ma haka suke yi, su cire K16 su sa K24 irin na GT2. Amma N54 babu wannan. Tarbon Mitsubishi ne ƙanana TD03, kuma girmansu ɗaya a 335i mai doki 300, da 335is mai 320, da 1M ta 2011 mai 335. Babu babba na kamfani da za ka ciro. Sai dai ka lura da abin da wannan yake nuna maka: da tarbon nan dai da kake rainawa kamfani ya ƙara doki 35 a 1M, abin da ya canza taswira ce da ƙarin sanyaya injin. A 335i iskar da suke turawa daga kamfani wajen 0.6 ce kawai a ma'aunin matsi na bar, suna da sauran sarari sosai. Da mai mai kyau da intakula babba ana matso da su kusa da 400. Ma'ana man da muke da shi zai gaza tun kafin tarbon kamfani su gaza. To in ka sa manya me za ka ciyar da su?

Ɗan Wunti: Amma babba in yana tura iska daidai da ƙarami ai bai wahala, iskan ma ta fi sanyi, ya fi daɗewa. Wannan ma riba ne a zafin garin nan. Ƙananan nan in ka matsa musu a saman giya iska mai zafi kawai suke hurawa.

Injiniya: Wannan gaskiya ka faɗa, ban musa ba. In mutum zai sayi mai kyau na gaske ya kuma riƙe shi a matsi kaɗan, zai samu iska mai sanyi a sama. Abin da zai rasa shi ne tashin ƙasa. Daɗin 335i ai shi ne tun injin bai kai juyi 1500 ba ƙarfin ya riga ya zo, kana cikin go-sulo a Cross ka ɗan taɓa ta ta amsa. Babba sai ya jira hayaƙi ya taru. Sau nawa a wata kake kai injin juyi 6000, sau nawa kake tashi daga shataletale? Kowa ya amsa wa kansa.

Admin: Jama'a muhawara tana daɗi, a ci gaba cikin mutunci. Tunatarwa kawai, duk mai son gwada gudu ba a cikin gari ba, ba kuma hanyar da 'yan makaranta da masu Keke suke bi ba. Mun rasa mutane da yawa a titunan nan.

Mai Baƙar 335: Salam, na dawo daga wajen Oga yanzu. Bari in ba ku rahoto. Mun hura hayaƙi, bututun totur yana da 'yar tsaga ta ƙasa kamar yadda ya faɗa, tiyo biyu kuma da ya ja su sai suka gutsure a hannunsa. Na fara murna na ce shikenan. Sai ya ɗaga motar ya cire salansa na gaba ya haska tocila ya ce in zo in gani da idona. Ya sa yatsa ya taɓa ɗan murfin westiget na tarbon baya, wallahi lilo yake kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa, ko an ja sandar har ƙarshe ba ya rufuwa ruf, ana ganin baƙin layin da hayaƙi yake bi yana zurarewa ta gefe. Ya kama shaf ɗin kuma ya girgiza, na gaba lafiya, na baya yana motsi gaba da baya har ina jin ƙas ƙas.

Oga Gareji Bypass: Haka ne. Motsin gefe kaɗan ba laifi ba ne don a kan baƙin mai shaf ɗin yake shawagi, in injin a kashe yake dole ka ji ɗan wasa. Amma gaba da baya bai kamata ka ji komai ba. Na bayan ya tafi. Kuma na leƙa fuka-fukan gaba ta bakin shigar iska, bakinsu ya cinye kamar ɓera ya gaigaya, wannan aikin ƙura ne. Ƙanina wa ya ce ka cire akwatin iya kilina na kamfani ka sa waɗannan buɗaɗɗun masu kama da hula?

Mai Baƙar 335: Oga don ƙarar ne wallahi, in ta ja iska tana wani shuu mai daɗi.

Oga Gareji Bypass: To ƙarar ce ta ci maka tarbo. Abin nan yana juyawa sama da dubu 150 a minti ɗaya, a wannan gudun ƙwayar ƙura ɗaya tsakuwa ce. Ka tuna yadda hunturu yake a garin nan, ka wanke mota da safe kafin azahar ka rubuta sunanka a kan bonet. Waɗanda suka ƙera buɗaɗɗen filtan nan ba su san Disamba a Gombe ba. Kuma a cikin bonet yake zaune yana shaƙar zafin injin. Ko na kamfani ka sa ko na waje, in ba ka mayar da akwatin nan da filtar takarda mai kyau ba kar ka kawo min aikin.

Sannan ku duka kuna ta maganar wane tarbo, ba wanda ya tambayi me yake kashe shi. Shekarata sama da 20 ina wannan aiki, tun kan manyan motocin dizal, yawancin tarbon da na sauke ba shi ne ya kashe kansa ba, baƙin mai ne. Ko an sa na durom da ba a san asalinsa ba, ko an bar shi ya wuce lokaci, ko siririn bututun da yake kai masa mai ya toshe. In na yanka tsohon bututun nan in nuna maka cikinsa za ka ga baƙin ƙanzo ya cike shi saura 'yar ƙofa kamar ta allura. Ka ɗaura sabon tarbo a kan wannan bututun, wata shida ka dawo kana zagin mai kaya. Baban Khalifa, da aka sa maka naka an canza bututun mai?

Baban Khalifa: Gaskiya Oga ba a canza ba. Wanke su aka yi da fetur aka mayar.

Oga Gareji Bypass: To ka ji. Ban ce kayan da ka saya masu kyau ba ne, abin da ba lamba ba takarda ni ba na ɗaura shi. Amma ko orijina ne a kan wancan bututun ba zai yi tsawon rai ba.

Ɗan Wunti: Oga ranka ya daɗe to ba za a iya gyara nasa ba? Na ga ana sayar da kayan gyaran westiget da sabon ciki, a canza a mayar, ya fi araha nesa.

Oga Gareji Bypass: Da murfin ne kawai da na ce a gwada, ana yanke tsohon a yi waldar sabo da bushin ɗinsa. Amma tunda shaf ya yi wasa fuka-fukai sun cinye sai an canza cikin gaba ɗaya, kuma cikin tarbo sai an daidaita shi a na'ura tana juya shi da gudu, ba abin da ake yi da ido da guduma ba ne. Ni ba ni da wannan na'urar, ba zan yi maka ƙarya ba. Kuma ku sani aikin nan a N54 ba ƙarami ba ne, sai an sauke gadon ƙasa na gaba kafin hannu ya kai, kwana biyu nake warewa in ba a samu kusoshi sun karye ba. Aikin da ake yi da wannan wahalar ba a sa masa kayan gwaji.

Alhaji Mai Safaya: Salamu alaikum. Ina bin ku tun jiya ban ce komai ba. Ni harkata kaya ce, tsakanin Ƙofar Ruwa da Ladipo da oda daga waje. Ɗana in ka tsaya a kan na kamfani ga abin da zan faɗa maka. Na ɗaya kar ka sayi na Beljiyam, wato waɗanda aka ciro daga wata motar. Motocin nan mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara 10, kuma kukan westiget ɗin nan sananne ne tun suna sababbi, har BMW ta tsawaita garantinsa a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 82,000. Duk wanda za ka samu a kasuwa ya riga ya sha tafiya, ciwon da kake gudu shi za ka sayo. Na biyu, wanda yake cikin kwalin BMW da wanda yake cikin kwalin Mitsubishi masana'anta ɗaya ce, na Mitsubishin ya fi sauƙin kuɗi. Na uku kuma shi ne wanda yake kayar da mutane: tarbon baya na mota mai sitiyari a hagu daban yake da na mai sitiyari a dama. In ka yi oda daga Ingila ko wani ya ɗauko maka a Dubai bai duba ba, zai iso ya ƙi zama, ka yi asarar kuɗin jirgi. Ka turo lambar shasi a duba da ita, kar ka yarda da hoto.

Mai Baƙar 335: Alhaji na gode ƙwarai, wallahi da daga Ingila nake shirin sa wani ɗan uwana ya nemo min.

Ɗan Wunti: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana, da motan tawa ce manya zan sa masu suna, in nemi mai rubuta taswira ya rubuta min ta daidai da manmu. Ana yi ta intanet, ka tura masa bayanai ya gyara ya turo. Amma na yarda lissafin ba na tarbo kaɗai ba ne. Sai ka ƙara famfon mai na cikin tanki, bututun shigan iska manya, intakula, fulogi da kwayil, giyabos ɗin ZF ma sai an taɓa taswiransa in ba haka ba ya fara zamewa, ga birki ga taya. In aljihu bai kai a yi duka ba gara kar a fara.

Injiniya: Yawwa, a nan mun haɗu. Kuma ko na kamfanin zai sa, Mai Baƙar 335 ka sa Oga ya duba famfon mai mai matsi, shi ne wanda aka yi wa kiranye a Amurka a 2010, ya duba nozul ko lambar samfurinsu ta kai 12, wato sabon zubi, da famfon ruwa na lantarki don shi ba ya sallama in zai tsaya. Tunda injin ne mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, bawul ɗin shigar iska suna tara baƙin datti don fetur ba ya wanke su, a kilomita dubu 190 in ba a taɓa kankare su ba za ka sha mamakin abin da ke ciki. Wannan kaɗai yana dawo da ƙarfin da ka manta motar tana da shi.

Baban Khalifa: Ni bayan abin da ya same ni na kamfani na mayar, da intakula babba da taswira mai sauƙi. Shekara ɗaya da rabi kenan, na je Jos na je Yola ban buɗe bonet a hanya ba. Kuma in na dawo daga doguwar tafiya ba na kashe ta nan take, ina barin ta ta yi minti ɗaya ko biyu tana aiki a tsaye.

Mai Baƙar 335: To jama'a na kwana ina lissafi. Zuciyata tana son manyan nan ba zan ɓoye ba, Ɗan Wunti ka san ni. Amma na haɗa kuɗin masu suna da duk abin da ka lissafa ya kusa kuɗin wata motar, kuma bayan duk wannan man da zan zuba mata shi ne dai wanda nake sha yau. Na tsaya a kan sababbin Mitsubishi guda biyu, da bututun mai na shiga da na fita sababbi, gaskit, tiyoyin nan duka, solonoyid biyu, bututun totur na ƙarfe da intakula babba. Akwatin iya kilina yana nan a sito a gida ban yar ba, yau zan sa a nemo shi. Injiniya na mayar da taswirar kamfani tun jiya da daddare, in an gama aiki zan ɗauki bayanan in turo maka mu ga ko akwai abin da za a iya ƙarawa ba tare da nokin ba. Alhaji na tura maka lambar shasi ta WhatsApp.

Alhaji Mai Safaya: Na gani. Hagu ce ƙirar Amurka, zan tambayo farashi gobe in sha Allah in dala ba ta motsa ba.

Oga Gareji Bypass: Kafin kaya su iso kar ka taka ta, lallaɓa ta kawai a cikin gari, in ka ga hayaƙi ko kaɗan ka ajiye ta. Ka haɗo da baƙin mai mai shaidar BMW ta LL-01 lita 7 da filta biyu, don bayan kilomita dubu ɗaya za mu sake juyewa. Tiyoyin da na ɗaura maka jiya na wucin gadi ne.

Ɗan Wunti: Ranan da za a sauke ku sanar da ni zan shigo daga Bauchi, ina so in ga cikin na bayan nan da idona. Tsofaffin kuma kar ka yar, ina so.

Mai Baƙar 335: Naka ne. Oga Asabar ta sama ta yi maka in kayan sun iso?

Oga Gareji Bypass: Ta yi, amma ka kawo ta tun Juma'a da yamma ta kwana a gareji injin ya huce sosai, in fesa wa kusoshin salansa mai su jiƙa kafin safiya.